Igiyar Shanyar Barira

A unguwarsu a Karaye, in ka ce Barira kawai sai an tambaye ka wacce daga ciki, amma in ka ce Barira Mai Wankau ko ƙaramin yaro zai kai ka har ƙofar gida. Tun daga zaure za ka hango igiyoyi sun ratsa tsakar gidan, daga ƙusar jikin ɗakinta zuwa bishiyar darbejiya, sun rankwafa saboda nauyin kayan mutane. Akwai zannuwan matan ma'aikatan sakatariya, akwai kayan makarantar yaran maƙwabta, har da labulaye da rigunan katifa. Mutanen waje kan ce mace ce mai neman na kanta. Facalolinta kuwa, in sun keɓe a madafi, cewa suke son abin duniya ne ya yi mata katutu. Duk cikinsu babu wanda ya faɗi daidai.

Barira ba ta taɓa son wanki ba. A wani ƙauye bayan Rogo aka haife ta, gidan Fulanin da suka daɗe da kafa bukka suka mayar da ita ɗakin ƙasa, suna noma suna kiwo. Tana yarinya aikinta tatsa da kai nono kasuwa, kuma ko a lokacin in aka ce ranar wanki ce sai ta ƙirƙiro ciwon kai. Da aka kawo ta Karaye gidan Halliru, manomi mai sanyin hali wanda yini guda bai fi ya yi magana goma ba, sai ta tarar da babban gida: 'yan'uwa uku da matansu da 'ya'yansu, duk a ƙarƙashin uwarsu, tsohuwar da ake kira Maiturare.

Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, shi ya sa sunan. Tsohuwa ce mai kaifin baki da maƙo, kuma Allah ya ba ta hanci. Tana zaune a ƙofar ɗakinta za ta ce wa matar da ke can ƙarshen gida miyarta ta kama, a je a duba a tarar haka ne. Matan gidan suna tsoron bakinta, amma hancin nan sun fi tsoro.

Barira tana amarya, lallen ƙafarta ma bai gama goguwa ba, ta ga abin da ya zauna mata a rai. Wata safiya ta ji hayaniya, ta ɗaga labule kaɗan. Mu'az ne, ɗan wan mijinta, yaron da bai wuce shekara goma ba. An tuɓe masa riga, an shafe shi da toka, an ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka. Maiturare da hannunta ta ɗaura masa kwaɗo mai rai a ƙugu da tsumma. Yaron yana tsalle yana ihu kamar ransa zai fita, aka tura shi waje, yaran unguwa suka ɗuru a bayansa suna tafi suna yi masa waƙa. Manya suna ƙofar gida suna dariya, suna cewa ai maganin fitsarin kwance ke nan, daga yau ya daina. Barira ta saki labulen ta koma bakin gado, ranar ko kunu ba ta iya sha ba.

Tokar ta wanku a ranar. Sunan ne bai wanku ba. Mu'az ya girma, ya yi gemu, ya sayi babur yana haya tsakanin Karaye da ƙauyuka, amma har yau a tasha Kwaɗo ake ce masa, kuma yana amsawa.

Bayan shekara Barira ta haifi 'yarta ta fari, aka sa mata Bahijja. A gidansu Barira ɗan fari ba abin wasa ba ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Haka uwarta ta yi wa wanta, haka ita ma ta ɗauka. Bahijja ta tashi a matsayin "yarinyar nan", ko "ke", ko kuma a yi maganar da bango ita ta tsinta. Ita kuma Adda take ce wa uwarta, yadda ta ji ƙannen uwar suna faɗa in sun zo daga Rogo. Son da Barira take yi mata kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa, sai dai babu ƙofar da zai fito.

Yarinya ta yi shekara huɗu, ta yi biyar, shimfiɗa ba ta daina jiƙewa ba. Barira ba ta damu sosai ba a lokacin, domin akwai mafaka. Ta haifi ƙanin yarinyar, Kabir, kuma ɗakin da ke da jariri babu mai tambayar dalilin jiƙaƙƙen zani a kan igiya. Sai ga shi Kabir ɗin, ɗan banza mai saurin wayo, tun kafin ya cika uku ya daina. Ya koma kwana ɗakin samarin gida yana taƙama. Wani cikin kuma bai zo ba. Aka bar Barira da yarinya 'yar shekara bakwai, da zani ɗaya da dole a wanke kowace safiya, da igiya a tsakiyar gidan da idanu suka fi ashirin.

Zani ɗaya a kan igiya kullum magana ce. Kwana uku ta yi tana shanya shi, a na huɗu matar wan mijinta ta tsaya ta dube shi ta ce, "Ke kuwa wannan zanin naki ba ya hutawa?" Barira ta yi murmushi ta ce kunu Kabir ya zubar. Ta san ba kullum kunu zai riƙa zuba ba.

A ranar ta aika gidan wata malamar firamare da ke maƙwabtaka, mai goyo ga aiki, ta ce in tana da wanki a kawo. Washegari zanin Bahijja ya sha iska a tsakiyar kayan malama, babu wanda ya ko kalle shi. Malama ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa matar wani ma'aikaci. Kafin damina ta zagayo an ƙara igiya ta biyu. Halliru ya tambaye ta sau ɗaya ko ya gaza mata da wani abu ne. Ta ce a'a, zaman banza ne ya ishe ta. Ya gyaɗa kai ya ɗauki fartanyarsa. Shi ma 'yar fari ce a wurinsa, ba ya shiga sabgarta, kuma a nasa ɗakin yake kwana.

Haka rayuwar ta miƙe. Kafin kiran sallar farko Barira ta tashi ta hura wuta ta ɗora ruwa. Mutanen gida sun san ruwan zafin na jiƙa fararen kaya ne. Rabinsa kuwa a bokiti yake shigewa ɗaki, yarinya ta wanke jikinta a bayan ƙofa don ta samu ta yi salla da tsarki. A ƙarƙashin shimfiɗarta akwai buhun taki da Barira ta farke ta wanke, mai leda a ciki, shi yake tare ruwan kada ya kai ga daɓe. Bahijja takan naɗe zanin ta tura shi ƙasan baho, ƙarƙashin kayan mutane, ba tare da ta ɗago kai ba. Uwar ta ɗauki bahon ta fita, ita ma ba ta dube ta ba. Shekaru suna wannan, ko sau ɗaya kalmar ba ta fito daga bakin ɗayansu ba.

Da rani abin da sauƙi, rana ta Karaye ba ta wasa da jiƙaƙƙen abu. Damina ce azaba. Sai a wuni hadari a sama, kaya su ƙi bushewa, ɗaki ya ɗauki wani irin tsami. A irin ranakun nan Barira takan zuba gawayi a dutsen guga ta bi zanin da shi har ya bushe, ta goge buhun da toka da ruwan omo, sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar iskar ɗakinta kamar baƙuwa, tana auna ko hancin tsohuwa zai kamo wani abu daga inda take.

Abin da ya taimake ta, a ganinta, sa'a ce. Tun farkon sana'ar, wata ranar kasuwa, Maiturare ta jefo mata ƙullin turaren wuta a cinya.

"Ungo. Ki riƙa turara ɗakin nan da kike jibge kayan mutane. Kada a ce daga gidana aka kai wa matar ma'aikaci zani yana warin rima."

"Na gode, Iya. Nawa ne?"

"Na ce miki sayarwa nake?"

Matan gida suka yi ta mamaki, domin tsohuwar nan ko jikokinta ba ta ba su toka kyauta. Daga ranar duk kasuwa sai ƙullin ya zo, da faɗa a bayansa. Barira ta riƙa karɓa da hannu biyu, a ranta tana cewa Allah ne ya sa wadda za ta kama ta ce take ba ta abin ɓuya.

Magani kuwa babu wanda ba ta nema ba, kuma kullum da sunan 'yar wata maƙwabciya. Ta karɓo rubutu, ta jiƙa sassaƙe, ta dafa wani ganye da wata tsohuwa a Kwanyawa ta rantse a kansa. Akwai lokacin da ta hana yarinyar ruwa tun daga la'asar. Bahijja ta riƙa cusa tuwo a bushe tana haɗiya da ƙyar, leɓenta ya tsattsage, da safe kuma zanin ya jiƙe kamar yadda ya saba. Barira ta ga ta tashi a tutar babu, ga zalunci a kai, ta bari. Ranar da ta kai Kabir asibiti yana zazzaɓi, ta ja wata ma'aikaciyar jinya gefe ta yi mata tambayar 'yar maƙwabciya. Matar ta ce ba ganganci ba ne, ba lalaci ba ne, yara da yawa haka suke kuma akasari suna dainawa. Kada a doke ta, kada a kunyata ta, a bar ta ta sha ruwa da rana yadda take so, a rage da dare kawai, kuma a kawo ta a duba fitsarin ko akwai wani ciwo. Barira ta ce to. Da ta fito ta ga mai ba da kati 'yar unguwarsu ce, ƙawar facalarta. Ba ta kawo ta ba.

Hannuwanta su suka biya. Omo ya cinye gefen farcenta, tafin ya yi kaushi ya daddare, in sanyi ya shigo har jini yake yi. Ta daina ƙunshi, domin lallen ba ya kwana biyu. In ana biki matan gida suna miƙa hannu ana yabawa, ita nata yana cikin mayafi. Bayanta ya riƙe, ta koma in za ta miƙe daga kan baho sai ta dafa gwiwa ta yi salati. Bikin da za a kwana ba ta zuwa, kuma ba ta barin yarinyar ta je. Dangi suka ce Barira ta yi kuɗi ta yar da zumunci. Ta ji, ta haɗiye. Wani lokacin tana tsakiyar cuɗa rigar wani ƙaton da ba ta taɓa gani ba, sai haushi ya turnuƙe ta, haushin yarinyar, haushin kanta, har da na ranar da ta ɗaga labulen nan. Sai kuma ta hango Bahijja ta dawo daga Islamiyya da hijabinta fari tas, yara suna kiranta da sunanta na yanka, babu wani laƙabi a bayansa. Sai ta sunkuya ta ci gaba.

Bahijja ta shiga shekara ta goma sha biyu. Doguwa ce siririya, mai ƙoƙari a makaranta, marar surutu. Ba ta da ƙawar da za ta ce ta shaƙu da ita, domin shaƙuwa tana kawo "zo ki kwana gidanmu".

Ana cikin haka, wata safiya a tsakiyar damina, Barira tana kan baho Halliru ya shigo da waya a hannu ya tsaya a kanta. Bai taɓa tsayawa a kanta tana wanki ba. Ya ce ta yi haƙuri, mahaifinta ya cika da asuba.

Ta yi salati, ta zauna a ƙasa da kumfa a hannunta. Matan gida suka taru a kanta. Kuma Allah ya sani, tana cikin kukan ubanta tunanin da ya fara ratso ta shi ne na kwana. Zaman makoki ba a yin sa a dawo a yini. In ta tafi da yarinyar, a ɗaki ɗaya za a jibge mata da yara a kan tabarmi, gwaggwanni da baƙi jiki na gugar jiki. In ta bar ta, wa zai ɗauki bahon?

Ta zaɓi barinta. Ta shiga ɗaki tana haɗa kaya, Bahijja tana tsaye a jikin gado. Barira ta juya mata baya, ta fuskanci bango, ta yi maganar da ba ta taɓa yi ba.

"Akwai omo a cikin kwalla. In an tashi a wanke a cikin ɗaki, a shanya a bayan ƙofa, a sa sakata. Kada a fitar da shi waje."

"To, Adda."

"A riƙa turara ɗakin."

"To."

Ta ɗan ji sanyi a ranta. Ta fito da ƙullin kayanta, Mu'az ya riga ya tayar da babur a ƙofar gida, mazan kuma sun yi gaba don su samu jana'iza. Ta durƙusa ta yi wa tsohuwa sallama. Maiturare ta yi mata gaisuwa, ta yi wa mamaci addu'a, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ita kuma wannan ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakina. Budurwa ba ta kwana ita kaɗai a ɗaki ina raye."

Barira ta ɗago kai da sauri. Ta buɗe baki ta ce, "Iya, ai da an bar ta, ta saba..."

"Ta saba da me? Tashi ki tafi, ana jiranki."

Surukar kirki ba ta musu da uwar miji a tsakar gida, balle a kan 'yar fari, wadda ko nuna ta damu da ita abin kunya ne. Barira ta miƙe. Ta saci kallon yarinyar, ta ga ta ƙanƙame ƙofa, idanunta sun firfito. Haka ta fita ta bar ta.

Hanyar Rogo ta yi laka, Mu'az yana ta kauce wa ramuka. A wata mahaɗa wasu 'yan haya suka ɗago masa hannu. "Kwaɗo! Ina zuwa da sassafe?" Ya amsa musu da fara'a, ya ce rasuwa aka yi. Barira tana bayansa tana kallon ƙeyarsa. Mutum da matarsa da ɗansa. Ta yi ta ƙoƙarin tuno fuskar ubanta, amma abin da take gani toka ce a jikin doguwar yarinya siririya.

A gidan makoki ta yi kuka har mata suna cewa ba su san Barira ta shaƙu da tsohon haka ba. Rabin kukan nasa ne, ba ta yi masa ƙarya ba. Wani abin kunyar kuma, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba, shi ne barcin da ta yi. Babu ruwan ɗorawa, babu baho. Jikinta bai tambaye ta ba, ya kwanta kamar an jefar da buhu, sai da ƙanwarta ta tashe ta salla. Rabonta da irin wannan barcin tun kafin a yaye Kabir, kuma a makokin ubanta ta same shi.

Dangi suka so ta zauna har bakwai. Ana yin sadakar uku ta ce kayan mutane suna jiranta. Wata gwaggonta ta taɓe baki ta ce wankin ya fi uba ke nan. Barira ta ɗaure ƙullin kayanta.

Mu'az ne ya zo ɗaukarta. Ta dube shi da kyau kafin ta hau.

"Mutanen gida lafiya?"

"Lafiya lau, Inna Barira."

"Babu wani abu?"

"Babu komai. Sai ruwa da aka yi jiya."

Da suka shigo unguwa ta kasa kunne. Yara suna wasansu a bakin kwata, babu wanda ya nuna ta, babu wanda ya yi dariya. Ta sauka, ta shiga zaure.

Igiyoyin a cike suke. Ta tsaya tana kallo, domin ta san ta sallami kayan kowa kafin ta tafi. Atamfofi ne masu nauyi, irin na da, da saƙi, da mayafai, an jera su har ƙarshen darbejiya. Can a tsakiya, in ba ka san shi ba ba za ka lura ba, ga zanin Bahijja. A gindin bishiyar kuma ga Bahijja ɗin kanta a kan baho, a lokacin da ya kamata tana aji. Ta ɗaure zani a ƙirji, ta ware ƙafafu, ta sunkuya tana cuɗawa, sak yadda uwarta take yi. Da ta zo miƙewa sai ta dafa gwiwa.

Maiturare tana ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunne, tana murza turare a faranti.

"Kin dawo? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Iya." Barira ta durƙusa, amma idonta yana kan igiya. "Wannan kayan fa?"

"Nawa ne. Na ce ta wanke min, sun yi datti."

Barira ta tashi ta isa ga igiyar, ta kama gefen wata atamfa. Ko jiƙewa ba ta goge layin ninkinta ba, ga ƙanshin kafur yana tashi. Kayan cikin adaka ne, waɗanda tsohuwar ba ta ɗaura ba tun rasuwar mijinta. Babu abin da ya taɓa su balle datti.

Ta juyo a hankali. Tsakar gidan babu kowa, matan suna can baya suna surfe. Tsohuwar ba ta ɗago daga farantinta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ga hancin nan? Da shi na ci abinci tun kafin a haife ki. Tun ranar da kika ɗaura igiyar farko na sani."

Barira ta zauna a kan turmi.

"Iya, kin sani?"

"Turaren da nake ba ki, kin zaci don matan ma'aikata ne? Su ba su da kuɗin saye?"

"To me ya sa ba ki..." Sai kawai ta fito da hannuwanta daga mayafi ta shimfiɗa su a kan gwiwa, tafin yana kallon sama. Kwana ukun da suka huta ya sa fatar ta bushe tana ɓarewa.

Tsohuwar ta dube su, ta daɗe tana dubawa.

"Na gani. Kullum ina gani. To in ce miki me? Na ga kin rufe, sai na taya ki rufewa." Ta ci gaba da murza turarenta. "Wancan da na yi wa, bai ma daina ba sai da ya ƙara shekara biyu. Haka aka yi mana, haka muka yi. Yanzu ina nan zaune nake jin ana kiransa a ƙofar gida."

Barira ta zaci in ranar nan ta zo, ko dai ta mutu don kunya ko ta yi kukan daɗi. Babu wanda ya faru. Gajiya ce kawai ta sauko mata, ta shekara biyar, gaba ɗaya a lokaci guda. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofarta da ta tsohuwar nan. Da ɗayarsu ta buɗe baki, da tuni an kai yarinyar asibiti, da an je bukukuwa, da hannun nan bai zama haka ba. Ta ji haushin tsohuwar, ta ji tausayinta, ta rasa wanda za ta ɗauka.

Ƙarar cuɗa ta dawo da ita. Yarinyar ta koma kan baho, kanta a ƙasa, tana yi kamar ba ta ji komai ba. Yatsunta sun yi fari sun yamushe.

"Bahijja."

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ba ta san sunan a wannan muryar ba.

"Bahijja. Cire hannunki daga ruwan nan."

Ta ɗago. Ta dubi uwarta, ta dubi kakarta, kamar tana jiran a ce an yi kuskure. Maiturare ta ƙura wa farantinta ido, ta zama kurma. Yarinyar ta zare hannuwanta a hankali, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Je ki sa kayan makaranta. Gobe kuma za mu asibiti, ni da ke."

Da ta shige ɗaki, Barira ta cire mayafinta ta rataye a reshe, ta tsugunna a inda yarinyar ta tashi. Sauran atamfofin tsohuwa sun riga sun jiƙa, dole a ƙarasa su.

Sun je asibitin, kuma a hannun ƙawar facalar tata suka karɓi kati. An duba, an ba su shawara, an ce su yi haƙuri su riƙa dawowa. Abin bai tafi gaba ɗaya ba har yanzu. Yakan yi kwanaki bai zo ba, sai kuma ya dawo. Babu wanda ya taɓa kiran Bahijja da wani suna ban da nata.

Wankau kuwa ya zauna. Gidan ya saba da abin da yake kawowa, masu kaya sun saba da hanya, sunan ya bi Barira. Takan tashi kafin kiran salla ko ba ta so, ta laluba shimfiɗar yarinyar da bayan hannu, domin tafin ya daina jin sanyi da ɗumi. Ranar da ta ji a bushe, sai ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwan a cinya. Ba ta daɗewa. Gari yana fara haske za a yi sallama a zaure, an kawo kaya.